Labarin Majinyaci a Matsayin Darasi: Koyar da Ilimin Jikin Ɗan Adam Tsakanin Faransanci da Hausar Gidan Rumji

Gabatarwa

Ɗalibin da ke karatun likita a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Faransanci yake sanin jikin ɗan Adam. Da shi yake haddace sunayen ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, da ɗakuna huɗu na zuciya, da hanyar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu ya komo. Ranar da aiki ya kai shi asibitin gundumar Gidan Rumji, kimanin kilomita 50 daga Maraɗi a kan babbar hanyar da ta nufi Yamai, da wuya mutumin farko da zai zauna gabansa ya yi masa bayani da Faransanci. Galibi mace ce goye da yaro, abin da zai fito daga bakinta kuwa Hausar Gobir ce, domin a wannan gunduma Tibiri take, inda sarautar Gobir ta zauna tun wajen 1836. Tsakanin abin da matar ta faɗa da abin da ɗalibin ya haddace akwai rata, kuma a cikin wannan rata ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa.

Wannan maƙala ta dubi wata hanya ta koyar da ilimin ƙirar jiki da ilimin aikin gaɓoɓinsa ga ɗaliban digirin farko, wato hanyar da ake soma darasi da labarin majinyaci guda, a bar ɗalibai su bi sawun alamomin ciwonsa har su isa ga gaɓar da ta samu matsala. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, tun da labarin majinyaci magana ce, to a ƙasar Hausa ba a iya rubuta shi yadda ya kamata sai da sa hannun masu nazarin harshe.

Asalin hanyar

Ba a makarantar likita aka soma wannan hanya ba. A 1870 Christopher Langdell ya shigo da ita makarantar koyon shari'a ta Jami'ar Harvard a Amurka, inda ya sa ɗalibai su riƙa karanta hukunce-hukuncen kotu na ainihi suna zaƙulo ƙa'ida daga cikinsu, maimakon a karanta musu ƙa'idar su haddace. A 1900 Walter Cannon, wanda a lokacin ɗalibin likita ne a wannan jami'a, ya rubuta maƙala yana kira da a kwaikwayi masu shari'a, a riƙa koyar da likitanci da takardun majinyata na gaske. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta kai abin ƙarshe a 1969, lokacin da ta gina dukkan karatun likitanta a kan matsalolin da ake miƙa wa ƙananan rukunan ɗalibai su warware da kansu.

Sai dai tun kafin a mayar da shi hanyar koyarwa, labarin mutum guda ya sha buɗe wa ilimin jiki ƙofa. A 1822 harbin bindiga ya huda cikin wani matashi mai suna Alexis St. Martin, raunin ya warke ya bar ƙofa da ake iya leƙa tumbinsa ta ciki. Likitan da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya shafe shekaru yana duba yadda abinci ke narkewa ta wannan ƙofa, ya buga abin da ya gani a 1833. Wani labarin ya fi wannan kusa da masu nazarin harshe. A 1935 Cicely Williams, likitar yara da ke aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, ta sanya wa wata cutar rashin abinci sunan da ta ji a bakin mutanen wurin, kwashiorkor, kalmar harshen Ga da ke nufin ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Sunan ya shiga littattafan likita na duniya yadda yake. Abin lura a nan shi ne, kalmar ta zo ɗauke da bayanin musabbabin ciwon, wato yaye kafin lokaci saboda sabon ciki. Hausawa ma sun san wannan alaƙa, shi ya sa suke da kalmomin kunika da gwanne, suke kuma cewa yaro ya sha ciki.

Labari guda daga Gidan Rumji

Wanda zai rubuta labarin koyarwa a wannan yanki ba ya bukatar aro daga littafin Faransa, domin yankin ya shiga tarihin likitancin yara da kansa. A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma a nan aka nuna wa duniya cewa ana iya warkar da mafi yawan irin waɗannan yara a gida da abincin gyaɗa na Plumpy'Nut, wanda ƙunshinsa guda na giram 92 ke ɗauke da kalori 500. A 2013 kuma Gidan Rumji na cikin gundumomin farko da aka soma ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro kowane wata a lokacin damina. Tamowa da masassara ke nan, cututtuka biyu da ke haɗuwa a kan yaro guda tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa.

A ƙaddara malami ya shigo aji da wannan labari, wanda ba na wani mutum takamaimai ba ne, an haɗa shi ne daga abin da aka saba gani. Wata mata ta kawo ɗanta mai shekara biyu a watan Satumba. Ma'aikacin lafiya ya ce mata: “Sannu uwar yaro, me ke damunsa?” Ta ce: “Likita, kwana ukku ke nan jikinai da zahi. Ya yi hwari, cikinai ya kumbura, kuma bai son komi.” Da aka duba, an samu tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana numfashi sau 52 a minti guda, zuciyarsa na bugawa da sauri, an taɓa wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, awon damtsensa milimita 112, himogulobin ɗinsa kuma giram 4.5 a kowace desilita. Malami ya tsaya nan, bai faɗi sunan kowace cuta ba, ya ce ɗalibai su bayyana kowace alama da abin da ke faruwa a cikin jiki.

Ɗalibin da ya bi sawun labarin zai tarar kusan rabin manhajar zangon karatunsa na ciki. Ƙwayar cutar da macen sauro ke zubawa a jini tana fara zama a hanta, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa ta fasa su. Waɗannan ƙwayoyi, da a ka'ida ke rayuwa kimanin kwana 120, su ne ke ɗauke da himogulobin, shi kuma shi ke dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Idan suka ragu sai launin ja ya janye daga tafin hannu, abin da uwar ta kira fari ke nan. Zuciya kuwa sai ta ƙara saurin bugawa don ɗan jinin da ya rage ya yawaita zagaye, numfashi ma ya ƙaru. Ga yaro mai shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 a minti ko fiye an ɗauke shi mai sauri. Abin nan mai tauri a hagu saifa ce, wadda aikinta tace ƙwayoyin jinin da suka lalace, aiki ya yi mata yawa ta kumbura har ta leƙo ƙasan haƙarƙari. Himogulobin da ya gaza giram 5 ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro alama ce ta tsanani, awon damtse da ya gaza milimita 115 kuma tsananin tamowa ne. Cikin awa biyu ɗalibi ya ratsa jini da zuciya da huhu da hanta da saifa, kuma ya ga yadda suke rataye da juna, abin da darasin da ke ɗaukar gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya ba ya saurin nunawa.

Amma duk wannan ya biyo bayan jimloli biyu da uwar ta furta, kuma a nan ne aikin mai nazarin harshe yake. Idan malami ya rubuta labarin da Faransanci tun daga farko, ya sa pâleur a madadin “ya yi hwari”, ya sa splénomégalie a madadin abin da hannu ya taɓa, to ya riga ya yi wa ɗalibi rabin aikin, kuma rabin da ya fi wuya. “Cikinai ya kumbura” na iya zama saifa, na iya zama hanta, na iya zama iska a hanji, na iya zama ruwa da ya taru a ciki, na iya zama raunin naman ciki irin na yaro mai tamowa. Ƙwarewar da ake so ɗalibi ya samu ita ce ta sanin tambayar da zai yi a gaba: wane gefe, tun yaushe, da tauri ko da laushi, ƙafafu ma sun kumbura? Idan ƙafafu biyu sun kumbura, aka danna da yatsa na daƙiƙa uku wurin ya lotsa bai taso ba, labarin ya juya zuwa ga cutar da Williams ta sanya wa suna. Tsoffin littattafai na danganta wannan kumburi da ƙarancin furotin ɗin albumin a jini, wanda ke riƙe ruwa a cikin hanyoyin jini, ko da yake har yau masana na jayayya kan ko wannan bayani ya wadatar. Irin wannan jayayya ma abin a kawo wa ɗalibi ce, don ya san ilimin da yake karanta bai gama dahuwa ba.

Akwai kuma batun karin harshe. Mai rubuta labarin zai ji sha'awar gyara maganar matar ta koma daidaitacciyar Hausa: jikinsa, zafi, fari, uku. Wannan gyara ɓarna ce. Ɗalibin da ya tashi a Damagaram ko Yamai, ko wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne, gara ya haɗu da jikinai da shina da hwari a takarda kafin ya haɗu da su a ɗakin jinya da tsakar dare. Haka abin yake ga kalmomi: masassara a nan, zazzaɓi a Kano, gajeba a Hausar yamma, ƙoda a daidaitacciyar Hausa, lokotoro da aka aro daga Faransanci a wannan gefen iyaka, asibiti da aka aro daga Ingilishi a wancan. Tun 2019 kuwa, da dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar, kalmomin gefen biyu na haɗuwa a layi guda na masu jiran ganin likita.

Ciki da zuciya da jijiya

Kalmomi uku sun isa su nuna girman matsalar ta fuskar ilimin ma'ana. Ta farko ita ce ciki. Bahaushe na kiran dukkan abin da ke tsakanin ƙirji da mara ciki. Yana kiran jakar da abinci ke sauka ciki. Yana cewa mace tana da ciki. Yana cewa ciki ya zube idan an yi ɓari, ciki ya ɓaci idan ana zawo. Faransanci ya raba waɗannan tsakanin ventre da estomac da grossesse da wasunsu. Matar da ta ce cikinta ke ciwo ba ta yi kuskure ba, kuma ba ta yi ƙarya ba, amma ciwon gyambon tumbi da cikin da ya zauna a wajen mahaifa duk suna iya ɓuya a bayan wannan jimla, kuma na biyun na iya kashe ta kafin gari ya waye. Kunya na ƙara rufe abin, domin mace mai cikin fari da wuya ta ambaci cikin da bakinta, musamman idan surukarta ce ta rako ta. Labarin koyarwa da ya tsallake wannan ya tsallake abin da ke faruwa a zahiri.

Ta biyu ita ce zuciya. Wanda ya ce zuciyarsa na tashi amai yake ji, wanda ya ce zuciyarsa ta ɓaci fushi yake yi, wanda ya ce tana masa zafi kuwa yana iya nufin ƙwannafi, yana iya nufin baƙin ciki. Bugun da ya wuce kima kuma sau da yawa ba da zuciya ake faɗarsa ba, da gaba ake faɗa, a ce faɗuwar gaba, wadda ita ma tana iya zama tsoro kawai. Kafin wani ya ɗauki wannan a matsayin rauni na Hausa, ya kamata ya tuna cewa Bafaranshe ma idan ya ce yana da mal au cœur tashin zuciya yake nufi, kuma ba wanda ya taɓa cewa saboda haka Faransanci bai dace da koyar da likitanci ba.

Ta uku, wadda ta fi sauran wahala, ita ce jijiya. Da ita ake kiran hanyar da ke fitar da jini daga zuciya, da hanyar da ke mayar da shi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Har saiwar itace ana kiranta jijiya. Abubuwa huɗu ke nan a jiki waɗanda Faransanci ya ba kowannensu suna: artère, veine, nerf, tendon. Mutumin da ya yanke a wuyan hannu da lauje ya ce jijiyarsa ta tsinke, dole ɗalibi ya gano wacce: idan jini na tsartuwa tare da bugun zuciya, ta farko ce, idan yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ta huɗu ce ko ta uku, idan yatsun sun mutu ba ya jin taɓi, ta uku ce. Wannan labari guda ya fi shafi goma na zane koyar da abin da ke kwance a wuyan hannu.

Tarihin kalmomin Turai kansa ya nuna cewa rarrabewar ba da ita aka haifi harsunan ba. Kalmar Girkanci neuron, wadda daga gare ta aka samo sunayen ilimin ƙwaƙwalwa na yau, da farko igiyar tsoka take nufi, har da tsirkiyar baka. Arteria kuma da ita ake kiran maƙogwaro, kuma an daɗe ana zaton iska ce ke bin waɗannan hanyoyi ba jini ba. Masu fiɗar gawa ne suka ga bambancin da idonsu, sannan suka tilasta wa kalmomin su rabu. Ma'ana ke nan bukatar sana'a ce ke kaifafa kalma. Hausa ta riga ta soma wannan tafiya da jijiyar jini, saura a daidaita a kan sauran ukun, kuma wurin da ya fi dacewa a gwada kowace sabuwar kalma shi ne cikin labarin majinyaci, inda nan take za a ga ko ta raba abin da ake so ta raba.

Abin da ke hannu

Masu gaggawar ƙirƙirar kalmomi kan manta da yawan abin da harshen ya riga ya tanada. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen sassan jiki, kuma mahautan kowace kasuwa sun san hanta da saifa da huhu da matsarmama da tumbi da hanji da laka da ɓargo da guringuntsi, sani na hannu ba na takarda ba. Ƙirar kalma ma ta buɗe hanya: ɗafa-goshin ma- da ya ba da mahaifa da mafitsara da maɗaciya yana nan da ransa, haka harɗaɗɗun sunaye irin su sha-raɓa da idon sawu da allon kafaɗa. Sanƙarau, sunan cutar da ke kumbura tantanin ƙwaƙwalwa da laka, ya kama babbar alamar cutar, wato sanƙarewar wuya, fiye da yadda sunanta na Turai ya kama. Su kansu ɗaliban harshe shaida ne, domin da Hausa suke koyon gaɓoɓin furuci: hanƙa da ganɗa da hanɗa da beli da maƙwallato da tantaninsa, kalmomin da suka zauna daram bayan ayyuka irin su ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 da littattafan Mu'azu Sani Zariya kan tsarin sauti. Ilimin ƙirar jiki ne wannan, daga leɓe zuwa maƙoshi, kuma shekaru ke nan ana cin jarrabawa da shi. Belin nan ma da ɗalibin furuci ke zanawa a allo shi ne wanda wanzami ke cire wa jariri, kuma zubar jini ko ƙin kama nono da kan biyo baya labari ne da zai koyar da dukkan abin da ke bayan baki.

Inda hatsari yake shi ne sunayen cututtuka na gargajiya da suka yi kama da na asibiti alhali iyakokinsu sun sha bamban. Shawara ba kullum take nufin ɗorawar ido ba, basir a bakin jama'a ya fi abin da likita ke kira da wannan suna faɗi nesa ba kusa ba, sanyi kuwa ya haɗa ciwon gaɓoɓi da cututtukan mara. Lewis Wall ya yi bayanin irin wannan tsari a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, bisa binciken da ya yi a ƙasar Malumfashi, haka kuma Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun tattara nazarce-nazarce kan sunayen cututtuka a bakin jama'ar Afirka ta Yamma a 1999. Darasin da ke cikin ayyukan biyu shi ne kada a jera sunan Hausa da na Faransanci a layi guda a ɗauka an yi fassara. Uwar da ta ce zawon haƙori ɗanta ke yi, kuma maɗigarsa ta faɗa, ta ba da bayani sahihi game da abin da ta gani. Ɗalibi ne zai gane cewa faɗawar maɗiga ƙarewar ruwan jiki ce, ya kuma iya bayyana dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke aiki, wato hanji na tsotse gishirin ne tare da sukarin, ruwa kuma ya bi su.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wasu za su ga cewa mataki na gaba shi ne a fassara manyan littattafan likita. Wannan aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa, kuma littafin da aka fassara da kalmomin da ba a gwada ba ajiye shi za a yi. Labari mai shafi biyu, wanda maganar majinyaci ke cikinsa da Hausarsa, awon asibiti kuma da harshen da ake koyarwa da shi, malami guda da ɗalibin harshe guda na iya rubuta shi cikin mako. Ba a cewa hanyar ba ta da aibi: tana cin lokaci, tana wahala a aji mai ɗalibai ɗari biyu, kuma tana barin giɓi, domin akwai ƙasusuwa da tsokoki da ba za su taɓa faɗowa cikin wani labari ba sai an zauna an haddace su. Kari ce a kan darasin allo da ɗakin fiɗa, ba madadinsu ba. Sharaɗinta kuma shi ne duk maganar da za a ɗauka daga bakin majinyaci na gaske sai da yardarsa, a kuma cire sunansa da na garinsu.

Mutumin da maganarsa ta ɗauke

Akwai labari guda da likita ba ya iya rubuta shi shi kaɗai ko da ya so. A ƙaddara wani dattijo mai hawan jini ya faɗi a gona, aka kawo shi hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye, bakinsa ya karkace, yana gane abin da ake ce masa amma kalma ɗaya ko biyu kawai ke fita daga bakinsa. 'Ya'yansa na cewa iska ce ta buge shi. Tambayar farko ga ɗalibi ita ce: me ya sa shanyewar ɓarin dama ta zo tare da ɗaukewar magana? Amsar tana cikin ƙirar jiki. Zaruruwan da ke motsa gaɓoɓi suna tsallakawa daga gefe zuwa gefe a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara laka, saboda haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma ga mafi yawan mutane a wannan ɓarin na hagu cibiyoyin harshe suke. A 1861 Paul Broca ya nuna haka a Faransa da ƙwaƙwalwar wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓar “tan”. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana kishiyar wannan, wato majinyacin da magana ke zuba daga bakinsa amma ba ma'ana, kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa, domin raunin nasa na wani wuri ne can baya.

Tambaya ta biyu ita ce yadda za a auna abin da dattijon ya rasa, kuma a nan gwajin da aka tsara don mai jin Faransanci ba ya wadatarwa. Hausa na bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, abubuwan da rubutun yau da kullum ba ya nunawa: wuya na jiki da wuya ta wahala karin sauti ne ya raba su, gashi na kai da gashi na nama tsawon wasali ne, haka “ta zo” ta labari da “ta zo” ta umurni. Mai gwajin dole ya san ko majinyacin na riƙe da waɗannan, ko yana iya raba saya da sayo da sayar, ko jam'in suna ya tsaya masa, ko kuma gaisuwa da salati da ƙirge, waɗanda kan tsira ko da sauran magana ta tafi, su kaɗai suka rage. Dole kuma ya san cewa dattijon da ya ce hwari bai yi tuntuɓen harshe ba, Hausarsa ke nan tun yana yaro, kuma idan Bafulatani ne ko Buzu, sai an gwada shi da harshensa na farko kafin a yanke hukunci kan abin da ciwon ya ɗauke.